Kujerar Bakin Taga

Yaya mai hoto,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da mutanen madatsar ruwan da suka ɗauke mana kai wata bakwai, ba waya ba labari. Gwaggo ta ce in aka ba direban motar kayanku takarda, cikin kwana huɗu take isa hannunka, shi ya sa na nemi biro. Ita Gwaggon lafiyarta lau, ƙafar ce dai ke motsa mata in an yi ruwa. Baba ya daina tarin nan. Ni ma jikina ƙalau, abin da ke damuna ba a jiki yake ba.

Ka san shekara biyu na yi ina sintiri a shagon ɗinkin nan kafin a ɗauke ni. Ka san kuma Mama, mai shagon, ba ta koya wa kowa yanka sai ya shekara a hannunta, ni kuwa yankan ne ya raba ni da gida. Yau watana huɗu, kuma so nake in ajiye aikin. Kai kaɗai na faɗa wa, kada Baba ya ji.

Za ka ce me aka yi mini. Nan ne bakina ke mutuwa, don ba a yi mini komai ba. Mu shida ne a ɗakin. Mama tana teburin yanka kusa da ƙofa, da almakashinta da alli. Akwai wata da muke ce wa Doguwa, ita ke sa maɓalli, akwai mai guga a lungu, sai masu keke biyu, sai ni. Kekena ya fi na kowa lafiya. Ba wanda ya taɓa faɗa mini baƙar magana.

Amma duk wanda ya ɗago kai ya kalle ni, sai gabana ya faɗi tun kafin ya buɗe baki. Mama za ta ce, "Sannu da aiki, kalmasar nan ta yi kyau," kunnena ya ji yabo, cikina ya ji kora. In ka titsiye ni ka ce me na gani a fuskarta, ba zan iya faɗa ba. Abu ne da ke wucewa kafin in kama shi. Har masu kawo ɗinki haka suke. Mace za ta shigo tana raha da kowa, tana juyowa wajena sai in ji rahar ta tsallake ni.

Na duba madubi ya fi a ƙirga. Na canja turare, na canja mayafi, har hammatata na shinshina, ka yi dariyarka ka more. Yanzu da safe in na hango ƙofar shagon sai in rage tafiya. Abinci ma a kan kekena nake ci, ba na zuwa inda suke taruwa.

Kai da ka ƙare kuruciyarka kana leƙen fuskokin mutane ta cikin kyamara, faɗa mini gaskiya. Mutum zai iya jin ana ƙinsa ba tare da ya ga alama ba, ko kuwa kaina ne ya fara taɓuwa? Tsoro nake ji, Yaya.

'Yar kawunka, tela

*

Tela ƙarama,

Na amsa sallama. Lafiyata lau, sauro ne kawai suka mai da ni gonarsu. Ki gaida Kawu, ki ce wa tsohuwata ta riƙa shafa man nan ko da ƙafar ba ta ciwo.

Direba ya riga ya tada mota, a tsaye nake rubutu, ga ma'aikata arba'in a layi suna jiran hoton katin shaida. Kada ki ajiye komai tukuna. Faɗa mini, a ina kekenki yake a cikin ɗakin? Ina taga take, kuma ina bayanki ke kallo? Ki tsaya a bakin ƙofa da hantsi, ki ɗauki hoton ɗakin gaba ɗaya da wayarki, a wanke miki shi, ki sako mini a takarda ta gaba.

Sauran magana sai na gani.

Ɗan gwaggonki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Kowa lafiya. Gwaggo ta ce man ya ƙare tun watan jiya, kai ne ba ka sani ba.

Takardarka ta iso, na karanta ta sau uku ina juya bayanta ko akwai ci gaba. Ashe shi ke nan. Na zauna na zazzage maka cikina, na faɗa maka abin da ko Baba ban faɗa wa ba, kai kuwa tambayar da ta dame ka ita ce ina taga take. Da ka ce mini "ki yi haƙuri" kawai, da ya fi. Ban san ko aikin hoto ne ya cinye ka har ba ka ganin mutum sai ɗaki da kujeru ba. Na ji haushi, kuma gara in faɗa maka da in haɗiye.

Ga hotonka nan, tunda shi kake so. Doguwa ce ta ɗauka, na ce mata na gida ne ke son ganin wurin aikina. Wancan baƙin abin da ke ƙarshen ɗakin ni ce, bai fito da kyau ba, wayar ce ba ta da kirki. Tagar tana bayana, babba ce ta gilashi, ba labule. Tun ranar farko Mama ta ce a can zan zauna, don ni ake ba aikin baƙin zare a kan baƙin yadi, wai sai da haske ta kan kafaɗa. Ka ji amsar tambayarka mai muhimmanci.

Shekaranjiya abin ya kai ni bango. Na gama wuyan wata riga da na kwana uku a kanta, ban bar zare ko ɗaya a waje ba. Mama ta ɗaga rigar daga teburinta, ta duba ciki da waje, na ga tana murmushi ita da rigar. Sai ta ɗago ta kalle ni ta ce, "Wannan hannun naki, Allah ya tsare shi." Wallahi kafin ta rufe baki na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Rigar ta samu fara'a, ni na samu wani abu daban. Na ce "amin" ina kallon ƙasa, na shiga bayi na yi kukana na wanke fuska.

In mutum yana son aikinka ba ya son ka, ai ba zama. Na rubuta takardar ajiye aiki, tana cikin jakata. Ƙa'idar shagon wata guda ake ba da sanarwa. Zan jira amsarka mako biyu, ba don ina sa ran wani abu ba, sai don kai ne babba.

'Yar kawunka

*

Yaya,

Gaisuwa. Muna lafiya, ina fata kai ma haka.

Yau kwana ashirin ba amsa. Na je tashar motar kayanku sau biyu, mai gadi ya ce shi bai san komai ba. Na gane, na yi maka tsiwa ka yi fushi, ko kuma ka ga maganar ba ta kai a ɓata mata tawada ba. Duk wanda ne, na yafe, kai ma ka yafe mini.

Jiya na miƙa wa Mama takardar. Ta karɓa, ta dube ni da irin kallon nan, ta ce, "To." Ta sa a aljihun teburinta ta ci gaba da yanka. Ko dalili ba ta tambaya ba, ka ga ai magana ta fito. Ƙarshen wata mai kamawa zan tattara in koma gida. Yankan da na zo nema sai dai in gani a hannun wasu. Ban san da bakin da zan faɗa wa Baba ba.

'Yar kawunka

*

Tela ƙarama, sarkin saurin fushi,

Na amsa gaisuwarki guda biyu a rana ɗaya, don tare takardun suka iso. Ruwa ne ya cinye gadar da ke tsakaninmu da duniya, mako biyar ba mota ta shigo ba ta fita. Gishiri ma sai da ya yanke mana. Lafiyata lau, na rame dai, wanda ya yi mini kyau. Ban yi fushi ba. Na karanta tsiwarki na ce yarinyar nan da sauran ƙarfinta. Amma takardarki ta ƙarshe ta tsinka mini zuciya, na ƙirga kwanaki na ga saura kaɗan, don haka yau na kori layi na zauna a kujera. Ki yi haƙuri da gajeriyar takardata ta farko. Na ji kukanki sarai, zargi ne ya ɗarsu a raina, ban so in faɗa ba sai na tabbatar.

Wayarki lafiyarta ƙalau, kada ki ɗora mata laifi. Abin da ta ɗauko shi ne abin da duk mutanen ɗakin ke gani. Kin zauna kin ba taga baya, ga farin bangon maƙwabta yana maido rana cikin gilashin. Wanda ke bakin ƙofa in ya kalle ki, ba ke yake gani ba, wani baƙin dunƙule yake gani a tsakiyar haske mai kashe ido.

To, bari in faɗa miki abin da na sani, don shi ne abincina. In na tsayar da mutum yana fuskantar rana, ko waye shi, sai ya ƙanƙance ido, girarsa ta haɗe, leɓensa na sama ya ɗan ɗage, hanci ya tattare. Bai san ya yi ba. Akwai wani mai walda a nan, mutumin da ko ƙuda ba ya iya kora da ƙarfi. Ranar farko na ɗauke shi a waje da hantsi, da hoton ya fito abokansa suka ce wannan ai in ka gamu da shi a lungu sai ka miƙa masa wayarka. Na sake ɗaukarsa a inuwa, ya fito kamar mai shirin ba ka kyauta. Mutum ɗaya, zuciya ɗaya, tsakani minti biyar. Fuskar da rana ke sa mutum ya yi da fuskar ƙyama, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Kin tambaye ni ko mutum na iya jin abu ba tare da ya gani ba. Kin gani, ba ki dai san kin gani ba. Ido yana riga hankali. In na danna kyamara ta ɗauki hotuna goma a jere, nakan tarar da guda a tsakiya inda fuskar ta yi wani abu da ni da ke tsaye a gabanta ban lura ba, amma kuma tun a lokacin na ji raina ya ɗan sosu da mutumin ban san dalili ba. Haɗe girar nan ba ta kai ƙiftawa biyu ba, mutum ya saba da hasken ya saki fuska. Kafin nan cikinki ya riga ya karɓi saƙo ya ajiye. Sau nawa ake kallonki a wuni? Ki ninka da wata huɗu. Ko ni aka yi wa haka sai na nemi hanyar gida. Kanki bai taɓu ba, aikinsa yake yi, labarin ƙarya ne aka yi ta kawo masa.

Ki lura da abin da kika rubuta da hannunki. Mama ta yi wa riga murmushi don rigar tana kan teburinta, a inuwa. Da ta ɗago wajenki, rana ta ɗago wa.

Ban ce kowa na ƙaunarki ba, ban san su ba, kuma ke ma ba zuma ba ce. Ki gwada da kanki. Ki zaunar da Doguwar nan a kujerarki da hantsi, ke ki tsaya a teburin Mama ki kalle ta, ki ji abin da fuskarki za ta yi. Daga nan ki rataya wani yadi a tagar, ki zauna, ki kira sunan wani ya ɗago. In gabanki ya sake faɗuwa, ki tattara ki tafi, ni zan yi wa Kawu bayani da bakina. In bai faɗi ba, ki je ki karɓo takardarki ko da za ki durƙusa.

Ki yi sauri. Na roƙi direba ya kai miki wannan har shago, hannu da hannu.

Ɗan gwaggonki mai hoto

*

Yayana,

Sallama, da gaisuwa irin ta wadda ta yi laifi ta sani. Allah ya ƙara lafiya, ya mayar da ƙibar da gada ta cinye. Gwaggo ta samu man ƙafarta, Baba yana gaishe ka, kuma har yau bai san komai ba, haka nake so a bar shi.

Direbanku ya shigo shago ranar Talata, saura kwana huɗu in tafi. Shi ma da ya juyo wajena sai da ya yamutsa fuska, na ce a raina ga wani ma. Na karanta takardar a kan keke. Da na zo wajen mai walda sai dariya ta ƙwace mini, irin wadda rabona da ita tun ina gida, har masu keke suka tsaya.

Washegari da hantsi na ce wa Doguwa ta zauna mini a kujera minti ɗaya. Ta ce, "Lafiya?" Na ce ta dai zauna. Na taka har teburin Mama na juyo. Yaya, ban ga Doguwa ba. Na ga ɗankwali da kafaɗu, sauran duk duhu, ga haske yana soka mini ido. Na ɗora hannu a goshina na ji girata a haɗe kamar an ɗinke ta. Doguwa ta ce daga can, "Ke kuma me na yi miki kike harara ta?" Sai na zauna a ƙasa, dariya da hawaye suka haɗu mini, na rasa wanda zan fara yi.

Mama ta ajiye almakashi ta ce a faɗa mata abin da ke faruwa a shagonta. Na faɗa mata duka, tun daga ranar farko, har kukan bayi. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, "Ni kuwa wata biyar ina yi miki magana ban taɓa ganin abin da fuskarki ta mayar mini ba. In na yabe ki sai in ji amin a ƙasa-ƙasa. In kin taso kin zo kusa, kanki a sunkuye. Na ɗauka raina mu kika yi, kina ganin hannunki ya fi ƙarfin shagon. Da kika kawo takarda na ce to, dama na sani."

Muka rataya ragowar wani farin yadi mara nauyi a tagar, hasken ya lafa amma ana ganin baƙin zare. Na koma na zauna. Doguwa ta kira ni, na ɗago, ta kalle ni, ban ji komai ba. Ka san daɗin rashin jin komai? Na yi ta kiran mutane ba dalili don kawai su ɗago. Mama ta leƙo ta saman tabaranta ta ce, "Ashe haka kike. Har da wushirya."

Gaskiyarka kuma, ba kowa ba. Mai guga ko da labule ko babu, fuskarta ɗaya ce a kaina. Ita kam da gaske ba ta yi na, an ce kujerar ta so a ba ƙanwarta. Wallahi har daɗi na ji. Mutum ɗaya da na san dalilinsa, wannan ai zan iya zama da shi shekara goma.

Ban kai ga durƙusawa ba. Da aka tashi cin abinci Mama ta ce in cire yadin a tagar, in je in tsaya a teburinta. Ita kuma ta taka ta zauna a kujerata. Na kalle ta, ina jin fuskata tana tattarewa duk da na san dalili, na kasa hana ta. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, a hankali, wannan kujerar tata ce shekara goma sha ɗaya, sai da idonta ya gaza da baƙin zare ta koma teburi, ta bar ta ba kowa har na zo. Ta ce daga nan ta yi ta kallon yaran da take koya wa aiki, tana ganin suna harararta. Uku ta sallama a kan haka. Ɗaya har ta rantse mata tana kuka cewa ba ta taɓa harararta ba, ita kuwa ta ce ai da idonta ta gani.

 Mama ta tashi ta buɗe aljihun teburi, ta ciro takardata, ko buɗe ta ba ta yi ba ashe. Ta miƙo mini ta ce, "Riƙe abarki. Ke ba inda za ki." Ta ɗauki mayafinta da jakarta, tsakar rana, ga aiki jibge a teburi. Doguwa ta ce, "Mama, ina zuwa?" Ta ce yarinyar da ta rantse ɗin, ta san gidansu.

Ina nan daram, Yaya. Na gode.

'Yar kawunka, tela